Kwakwar da Ta Fita Daga Layi

Roche Bois, Moris
Disamba 2005

Zuwa ga Yayata Ortans,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ɗanki Rozer da matarsa da jikoki. Yaya ƙafar taki? Ni dai da sauƙi, sai tarin nan da ya maishe ni gidansa. Yarana suna Ingila suna share filin jirgin sama, sukan bugo waya ran Lahadi su tambaye ni ko na ci abinci, in ce na ci, su ce to madalla. Tun rasuwar matata ni da rediyo muke zama a gidan, kuma shi ne mai yawan maganar.

Yaya, zauna kafin ki karanta wannan. Turawan Ingila da suka kwashe mu daga tsibiranmu sun yarda a kai mu gida. Kada zuciyarki ta yi tsalle, ba komawa ba ce. Jirgin ruwa zai ɗauki kamar mutum ɗari daga cikinmu ya zaga da su Salomon da Peros Banos da Diego, su share kaburbura, su yi addu'a, su koma jirgi kafin rana ta faɗi. Ba kwana, ba ɗaukar komai. An sayar da gidanka da kai a ciki, bayan shekara talatin da wani abu a ce ka zo ka leƙa ta taga. Amma wallahi ko leƙen ne ina so.

Sunana ya fito. Da aka karanta a wurin taro, Tonton Medar, tsohon nan mai haɗa kwale-kwale a tsibirinmu na Kwen da ke Peros Banos, ya daki kafaɗata ya ce, "Kai Siprien, ka tanadi guga. Mutumin da ya yi amai tun daga Peros har Moris, yanzu ga tsufa a kai!" Na ce, "Tonton, wancan amai ba na teku ba ne." Sai ya sauke hannunsa daga kafaɗata.

An ce ku ma 'yan Sesel za a ba ku kujeru kaɗan. Na san ƙafarki ba za ta bar ki ba, don haka kada ki wahalar da kanki. Ni zan je a madadinmu duka, in share kabarin Mama, in gaya mata kina gaishe ta.

Ƙanenki,
Siprien

Mahe, Sesel
Janairu 2006

Siprien,

Na samu takardarka, muna lafiya, ina fatan tarin ya sake ka. Gaisuwar ke nan, sauran magana ce.

Wa ya naɗa ka likitan ƙafata? Rabonka da ganin ƙafar nan tun ranar da aka sauke ni a nan, jirgi ya wuce da kai Moris kana leƙe ta saman buhunan kwakwa. Yau kai ne za ka ce ba za ta bar ni ba? Da wannan ƙafar na goya ka na ratsa ruwa da kai daga Kwen zuwa ƙaramin tsibiri in ruwa ya janye, kana ihu a bayana wai kifin nan zurit zai naɗe ka da hannuwansa takwas.

Tun kafin takardarka ta iso na kai sunana. Kullum da safe ina hawa tudun bayan gidanmu in sauko, don ranar da likita zai duba mu ya ga ba a ɗauke ni a kujera ba. Matar Rozer takan tsaya a ƙofa ta ce, "Mama, ina za ki da sassafen nan?" In ce, "Gida." Ta ce, "Ga gida nan a bayanki." Yarinyar kirki ce, amma 'yar nan ce, duwatsu ta buɗe ido ta gani. Ba ta san ƙasar da in ka tsaya a tsakiyarta kana jin rurin tekun waje ta wannan kunne, kana jin ruwan ciki yana lasar yashi ta ɗayan ba.

"A madadinmu duka." Kalmar ta tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi. Akwai abin da na bari a Kwen wanda ba a aiken mutum a kansa, kuma ba kabarin Mama nake nufi ba. Ka riƙe kujerarka, zan samu tawa. Sai mun haɗu a jirgi, in ka gane ni.

Ortans

Roche Bois
Fabrairu 2006

Yaya Ortans,

Ina gaishe ki da mutanen gida. Wannan ce ta biyu tun bayan taki, kuma na ji shiru. Na yi kuskure, bakina ya riga hankalina. Tausayi na yi nufi, ba raini ba. In kin samu kujera zan fi kowa murna, zan ma kawo miki busasshen zurit mu yi miyar kwakwa a jirgi in masu jirgin sun bari.

Na sayi adda sabuwa da tsintsiya. Kullum nakan fito da addar in wasa ta, ko da yake tana aske gashin hannu. Maƙwabciyata ta ce, "Wannan adda za ta ƙare kafin ta ga ciyawa." Me kika bari a Kwen, Yaya? Tun da na karanta nake juya maganar, ban gano ba. Ko zagi ne ki rubuto, ya fi shirun nan.

Siprien

Mahe
Maris 2006

Ƙanena Siprien,

Ina gaishe ka, kuma na yafe maka, don ba ni da wani ƙanen da zan yi fushi da shi in na kore ka. Wannan takarda Ma Zilber maƙwabciyata za ta kawo maka hannu da hannu. Ita ta samu kujera. Ni likita ya danna ƙafata da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa, ya ce, "Kaka, babu asibiti a can." Na ce, "Ɗana, a can aka haife ni babu asibiti." Ya yi murmushi ya ja layi a kan sunana. Ashe kai ka fi ni gaskiya, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

To ka saurara, tunda dole in aike ka. Kana ɗan saurayi, an tura ka aikin kwakwa a Salomon, lokacin da na haifi 'yata ta fari. An gaya maka ba ta zauna ba, shi ke nan abin da ka sani. Ta yi wata uku a duniya. Ka tuna Fada, limamin coci, ba ya zuwa sai jirgi ya kawo shi, sau ɗaya a shekara in an yi sa'a. Ta rasu jirgi bai zo ba, ba a yi mata baftisma ba. Tsofaffi suka ce wanda ruwa bai taɓa kansa ba ba ya shiga maƙabarta. Mijina Anatol ya haƙa mata a bayan katanga, mu biyu kaɗai, ko gicciye ba a yarda mun kafa ba.

Tun ranar nake ganin ta a waje. In na rufe ido a coci sai in ga kowa ya shiga, Mama da Anatol da duk mutanenmu, an ja ƙofa, ita tana bakin katanga ita kaɗai. Fadan nan ya sha gaya min Allah ba haka yake ba. Kunnena ya ji, zuciyata ta ƙi ji.

An ce da Fada za ku tafi. Ka kama hannunsa ka fita da shi bayan katanga, ya yayyafa mata ruwa, ya kira sunanta. Sunanta Klerina. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ubanta, don a wurinmu ba a kiran suna sai ranar baftisma. Yau ne na fara rubuta shi.

Wurin ba shi da wuyar ganewa. Daga ƙofar coci ka bi hanyar da muke sharewa ran Asabar, wadda ke zuwa rijiyar Ma Viktorin. Maƙabarta za ta kasance a damanka. Ka bi katangar ta gefen faɗuwar rana har ƙarshenta. Ka san duk kwakwar kamfani a layi take, kamar yara a makaranta. Za ka ga ɗaya ta fita daga layi ta tsaya ita kaɗai, ni na dasa ta a kanta. A gindinta na kewaye da katantanwa manya na bakin tekun waje, kowace na huda ta wuri biyu da ƙusa, na zura su a igiyar ɓawon kwakwa don kada iska ta watsa su. Ko makaho ba zai ɓata ba.

Kada ka tsaya surutu da su Medar har lokaci ya ƙure. Mama za ta jira, ta saba jiranka.

Yayarka,
Ortans

Roche Bois
Afrilu 2006

Yaya,

Gaisuwa. Mun dawo lafiya. Na ga Kwen. Don Allah kada ki tambaye ni komai yanzu, zan rubuto in na iya.

Siprien

Mahe
Yuni 2006

Siprien,

Ina fatan kana lafiya, tunda mai lafiya ne ke iya yin shiru haka. Wata biyu ina zama a bakin ƙofa lokacin da mai kawo wasiƙu yake wucewa, har ya fara sauya hanya don kunyar idona.

Ba sai na tambaye ka ba, Ma Zilber ta dawo da bakinta. Na ce mata, "Kin ga ƙanena ya fita da Fada bayan katanga?" Ta ce, "Wace fita? Wuri ɗaya aka tsaya aka yi addu'a, aka koma jirgi. Ƙanenki kuwa tun da aka sauka ya shige daji shi kaɗai, sai can ya fito duk jikinsa karce. Daga baya na gan shi tsugune a kan kabarin uwarku yana wasa da ƙaguwa kamar ɗan yaye."

Wasa da ƙaguwa, Siprien. Shekara arba'in na riƙe sunan nan a bakina ban furta ba, na ɗauka na damƙa maka, ka sa a aljihu ka dawo da shi. In kunyar Fada ka ji, ko ka ga abin ƙauyanci ne, da ka faɗa min tun farko in roƙi Ma Zilber, ko da kurma ce rabi da rabi. An ce naka sai naka. Ban san abin da zan ce da wannan karin magana ba yanzu.

Ba za a sake kai mu ba, ka sani na sani. In an sake, ni ba na nan. Ka rubuto ka ce ba ka yi ba, in san abin da zan tafi da shi kabari.

Ortans

Roche Bois
Agusta 2006

Yayata Ortans,

Ina gaishe ki. Ban amsa da wuri ba don takardarki a asibiti ta same ni. Likitoci sun ce ƙirji ne. Matan unguwa sun ce sagren ne, ciwon kewar gida da ya kwashe tsofaffinmu a shekarun farko, kuma ina jin matan sun fi kusa da gaskiya. Yanzu ina zaune da kaina, ga alƙalami, zan gaya miki komai yadda ya faru.

Da asuba muka shiga ruwan ciki na Peros. Yaya, ruwan bai tsufa ba. Korensa na nan, kina hango dutsen murjani a ƙasa da kifi suna kai da kawo, kunkurun teku ya ɗago kai ya dube mu kamar ya ce ina kuka shiga. Tsibiran sun yi zobensu yadda kika bar su, tsuntsaye sun rufe ƙananan har ba a ganin ganye. Mata suka fara kiran sunayen tsibirai ɗaya bayan ɗaya suna kuka. Da ƙafata ta taɓa yashin Kwen na durƙusa na sa goshina a kai, ba ni kaɗai ba.

Sai na ɗago na nemi garinmu. Babu hanyar Asabar, Yaya. Babu hanya ko ɗaya. Coci na nan ba rufi, itace ya fito ta inda muke durƙusawa. Ke da ni mun manta abu ɗaya: layin kwakwar nan mu ne muke riƙe da shi. Mu muke tsince duk wadda ta faɗo kafin ta tsiro. Shekara talatin da uku ba mai tsincewa, kowace ta faɗi ta tsiro a inda ta faɗi, 'ya'yanta suka faɗo a kanta suka tsiro. Kin ce in nemi wadda ta fita daga layi. Duk tsibirin ya fita daga layi.

Na shiga da addata ni kaɗai ta gefen faɗuwar rana. Ina sara ina kiran "Klerina" a hankali, kamar za ta amsa. Ƙafata tana nutsewa cikin ruɓaɓɓen ɓawo, ɓeraye suna tsalle, manyan ƙaguwan kwakwa suna zaune da rana tsaka ba sa ko matsawa, sun manta mutum yana cin su. Na sami rijiyar Ma Viktorin don na kusa faɗawa ciki. Daga nan na juyo neman ƙarshen katanga in auna, sai na tarar babu katangar. Saiwoyi sun shiga ƙarƙashinta sun ture ta, duwatsun sun watse cikin daji, gansakuka ta rufe su. Ban sami itacenki ba. Wannan ne abin da na kasa rubutawa. Kin aike ni abu ɗaya a duniya, na dawo hannu biyu.

Da na fito na tarar ana gardama kan inda za a tsaya da sharewa. Wani ya ce maƙabarta ta ƙare a nan, wata ta ce ƙarya ne, kakanta yana gaba da nan. Tonton Medar ya ce, "Ku share duka, don Allah. Na ciki ba su taɓa kai ƙarar maƙwabta ba." Aka yi ta sara har aka wuce inda kowa yake zato, ta kowane gefe.

Na ja Fada gefe na gaya masa. Ya ce, "Kai ni wurin." Na ce, "Fada, ban san wurin ba. A bayan katanga take." Ya dubi hagu ya dubi dama ya ce, "Ina katangar?" Na ce, "Ta faɗi." Ya ce, "To, Siprien, in babu katanga, wa ke waje?"

Ma Zilber ba ta yi ƙarya ba, wuri ɗaya aka tsaya. Amma da Fada ya zo kiran sunayen matattu, bayan sunan Mama ya ce, "Da Klerina, 'yar Ortans da Anatol," da ƙarfi, a gaban mutanen Kwen duka. Sannan ya juya wajen faɗuwar rana ya yi ta watsa ruwa cikin kwakwar har kwanon ya ƙare. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ashe Ortans ta sa mata suna." Ma Zilber tana can tana fyace hanci, ga kunnenta kin san shi.

Saura maganar ƙaguwa. Kin tuna ƙananan nan masu shiga katantanwar da ba tasu ba su yi ta yawo da ita, waɗanda muke kira soja? Sun cika wurin. Medar ya ce sojoji iri biyu ke riƙe da ƙasarmu, na Diego masu jiragen yaƙi da waɗannan, kuma waɗannan sun fi kunya. Ina goge dutsen kabarin Mama sai ga ɗaya ya hau ta gefen kai, yana jan tsohuwar katantanwa da ta yi fari fat. Na ɗaga shi. Huda biyu ne a jikinta, kusa da juna, a karkace, irin na ƙusa. Na san akwai abin ruwa da ke huda katantanwa, ba zan rantse miki a coci ba. Amma shi huda ɗaya yake yi, kuma ba ya karkacewa irin na mai aiki da hagu kamar ke. Igiyar ta ruɓe tuntuni, su kuma suka rabe katantanwarki, babba ya fita ƙarami ya shiga, har ta iso kan Mama da ƙafarta.

Na so in kawo miki. Baturen da ke tsaron mu ya ce ba a fita da komai, amma ba shi ya hana ni ba, ya juya baya a lokacin, kuma aljihuna yana da zurfi. Kin san yadda muke yi muna yara in muna son abin sa wa ƙugiya: a kara wuta a gindin katantanwar har mai gidan ya fito tsirara. Ashana tana hannuna. Sai na ga ya leƙo, ya dube ni, ya koma ciki ya toshe ƙofa da ɗan hannunsa. Ni da aka fitar daga gidana, Yaya, ban iya ba. Na ajiye shi a inda na ɗauke shi.

Abin da ya kwantar da ni kuwa, da can in na rufe ido ina da gari, da hanyoyinsa a share da hayaƙin kowane gida. Yanzu in na rufe ido daji nake gani. Na je da Kwen a cikin kaina, na dawo babu shi. Ke naki yana nan, ki riƙe shi da kyau.

Ki yafe min itacen.

Ƙanenki,
Siprien

Mahe
Satumba 2006

Ƙanena,

Ina gaishe ka da jiki. Sakarai, kana asibiti ba wanda ya gaya min, na zauna ina zagin mara lafiya. Ka ci abinci. In yaran nan sun bugo daga Ingila ka daina ce musu ka ci alhali ba ka ci ba, na san halinka.

Na karanta takardarka a bayan gida don kada a ga fuskata. Da na zo wurin ashana na ce a raina, wannan yaro har ya tsufa bai yi wayo ba, ga abin 'yata a tafin hannunsa ya ajiye. Na yi kwana biyu ina jin haushinka. A na uku ina wanke shinkafa sai na ga in ka kawo min ita, me zan yi da ita? In sa ta a kan kabad kusa da rediyo ta yi ƙura, ita ma ta zama baƙuwa a ƙasar mutane kamar ni. Gara da ka bar ta tana yawo tsakanin Mama da yarinyar.

Babu abin yafewa a kan itacen. Ni na ba ka kwatancen garin da babu shi. Kuma in kwakwata ta haihu kamar sauran, to rabin dajin da ya yage maka jiki nata ne.

Ran Lahadi na ba da sunanta a karanta a coci. Na zauna a gaba, na rufe ido ina jiran in ga ƙofar nan da katangar. Na daɗe ina nema, Siprien, kwakwa kawai na gani.

Da muka fito matar Rozer ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ashe kuna da sauran mutane a can?" Na ce, "Muna da su. Uwata tana can, 'yata tana can, kuma akwai wani mai gida ɗaya da ba a kora ba."

Ka rubuto da wuri, ko ba labari. Zan riƙa aiko maka da garin kaɗan-kaɗan, gida bayan gida, tun daga ƙofar coci har rijiyar Ma Viktorin, har ka samu naka ya dawo.

Yayarka,
Ortans